Rana Ba Ta Ƙarya: Batun Wa'adin Haya Da Takardu A Ƙofar Doka

Ƙofar Doka ita ce bakin birnin Zazzau. Ta nan mai fitowa daga cikin ganuwa yake bi ya nufi Tudun Wada da Sabon Gari har zuwa Samaru, ta nan kuma baƙo yake shiga idan ya doshi Babban Dodo ko fadar Mai Martaba Sarki. Shi ya sa wurin ba ya rabuwa da hada-hada tun daga asuba: ga shaguna da rumfuna, ga motocin haya suna lodi, ga masu Keke Napep suna kiran fasinja, masu kemis da masu POS da teloli kowa yana neman halaliyarsa. Abin da ido ba ya kamawa a cikin wannan cinkoso shi ne, kusan kowane ɗaya daga cikin mutanen nan a kan wa'adi yake zaune. Shagon na haya ne, hayar kuma tana da ranar cika. Motar tana da inshora da takardun da ake sabuntawa duk shekara, direbanta kuma yana riƙe da lasin da ke mutuwa bayan shekara uku ko biyar. Mai kemis yana sabunta izinin sayar da magani kowace shekara. Wanda ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista a Hukumar CAC, dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora masa miƙa bayanan shekara kafin watan Yuni ya fita. Hatta yaron da aka saya wa keke a kan ya riƙa kawo balas har ya biya, akwai ranar da aka yanka masa, wadda idan ta wuce bai kammala ba magana tana iya canzawa.

Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako ita ce: a ina ake ajiye waɗannan ranaku?

Amsar da na fi samu daga bakin 'yan kasuwar da nake hulɗa da su ita ce, a ka. Ka tambayi mutum yaushe hayarsa za ta cika, sai ya ɗaga kai sama ya ce, “Ai bayan Babbar Sallah na shiga.” Wani ya ce farkon damina, wani ya ce satin da aka yi bikin 'yar maƙwabcinsa. Ba na raina wannan hanya. Da ita iyayenmu suka riƙe jinginar gona da aron fili shekara da shekaru, da ita uwar adashi ta san kwasar kowa ba tare da ta buɗe littafi ba. Sai dai a wancan zamani mai bayarwa da mai karɓa da ƙidaya ɗaya suke aiki. Yau kuwa kalanda biyu ke rataye a bangon kowane shago, kuma ba tafiya ɗaya suke yi ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuma 365 ko 366, wato akwai ratar kimanin kwana goma sha ɗaya a tsakaninsu duk shekara.

Mai karatu ya duba yadda wannan 'yar rata take girma. A Nijeriya an yi Babbar Sallah ranar 9 ga Yuli a 2022, ranar 28 ga Yuni a 2023, ranar 16 ga Yuni a 2024, sannan ranar 6 ga Yuni a 2025. A ce wani tela ya kama shago a Sallar 2022 ba tare da an rubuta komai ba. Mai shago dattijo ne, da wata yake lissafi, don haka duk lokacin da Sallah ta zagayo a wurinsa shekara ta cika. Telan kuwa da kalandar banki da ta makarantar 'ya'yansa yake aiki, a wurinsa sai Yuli. A shekarar farko babu wanda zai kula, domin kwana goma sha ɗaya bai isa abin faɗa ba. A shekara ta uku ratar ta kai kwana 33, kuɗin wata guda ke nan har da ɗoriya, kuma a daidai lokacin da telan ya zuba jarinsa a yadi da zare saboda ɗinkin Sallah. Mai shago yana ganin ana cinye masa haƙƙi, tela yana ganin an matsa masa tun lokaci bai yi ba. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa da gaskiyarsa, amma da haka ake kai ga zauren mai unguwa, wani lokaci har gaban alƙali. Idan aka bar abin ya yi ta tafiya, a cikin shekara 33 bambancin yakan kai hayar shekara guda cur.

Abin mamaki shi ne, wannan sakaci bai samo asali daga karatunmu ba. A garin da ke da unguwannin ilimi irin su Juma da Kona, ɗalibin da ya kai babin ciniki a fiƙihu ya san cewa haya tana buƙatar sanannen lada da sanannen wa'adi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali da kafa masa shaidu ta sauka. Abin da ke hana mu rubutawa kunya ce. Mutum yana jin nauyin ya ce wa abokin mahaifinsa a sa rana a takarda, kada a ce bai yarda da shi ba. “Haba, takarda tsakanina da kai? Ai mun zama ɗaya.” Kalma ce mai daɗi a ranar da aka faɗe ta. Amma wanda ya faɗe ta ba zai dawwama ba, kuma a nan ne babbar asarar take.

Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado a cikin birni ya san abin da nake nufi. Mai gida ya rasu ya bar shaguna shida da gidajen haya biyu, ya tafi da ranakun duka a kansa. Magada, waɗanda sau da yawa mata ne masu takaba da yara ƙanana, ba su san wanda ya biya shekara biyu gaba ba, ba su san wanda ake bi bashin wata takwas ba. Ɗan haya mai tsoron Allah zai zo da kansa ya faɗi gaskiya. Wanda ba shi da shi zai ce ai ya biya marigayi kafin ya kwanta ciwo, wa zai ƙaryata shi? Haka kuma abin yake juyawa ta ɗaya ɓangaren: ɗan haya ya biya da gaske, ba a ba shi rasit ba, magada su taso shi da notis. Dukiyar marayu da jarin talaka duk suna salwanta a rami guda, ramin ranar da ba a rubuta ba.

To, ko da an rubuta ranar cika, da sauran aiki, kuma wannan shi ne ainihin abin da nake so mai karatu ya riƙe. Ranar da wa'adi ke cika ba ta da amfani sosai ga wanda sai a ranar ya tuna da ita. Akwai wata rana da ke gabanta, wadda ni nake kira ranar shawara: rana ta ƙarshe da mutum yake da sauran zaɓi a hannunsa, ko ya sabunta, ko ya nemi ragi, ko ya nemi wani wuri, ko ya fara tara kuɗi. Masu zuwa Umara sun san wannan ko da ba su ba shi suna ba. Fasfo yana ɗauke da ranar mutuwarsa a rubuce, amma Saudiyya tana buƙatar ya kasance da sauran aƙalla wata shida, don haka ga matafiyi fasfon ya riga ya mutu wata shida kafin ranar da aka buga a jikinsa.

Haya ma haka take. A dokokin haya na yawancin jihohin ƙasar nan, idan ɓangarorin biyu ba su ƙulla wani sharaɗi na daban ba, mai hayar shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata kuma na wata guda. Wanda aka rubuta masa ranar ƙarewa ƙarara a takarda kuwa, ba lallai ne wannan wata shidan ya same shi ba, shi ya sa ya kamata kowa ya kai takardarsa lauya ya duba masa ita tun ana zaman lafiya. A ce hayar shago ta fara ranar 1 ga Maris, za ta cika a ƙarshen Fabrairu. Mai shagon da ke son wurinsa, ko yake son ƙarin kuɗi, ƙarshen Agusta ne lokacin maganarsa. Ɗan hayar ma haka. Idan kuɗin Naira 240,000 ne a shekara, wanda ya fara ajiya tun watan farko Naira 20,000 zai riƙa warewa, abin da zubin adashi zai ɗauke. Wanda ya farka saura wata uku sai ya nemo Naira 80,000 duk wata, wanda ya farka saura mako guda kuwa sai ya karya kayan shago ko ya ci bashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Manyan ƙasashe ma da wannan lissafi suke aiki. A 1898 Birtaniya ta karɓi hayar mafi girman yankin Hong Kong daga ƙasar Sin na tsawon shekara 99, wa'adin da zai cika a 1997. Ba su jira shekarar ta zo ba: tun 1982 suka zauna teburin tattaunawa, shekara goma sha biyar kafin lokaci, suka sa hannu a kan yarjejeniya a 1984. Masu zuba jari da bankuna ba za su yarda su sa dukiya a filin da ba a san makomarsa ba. Telan Ƙofar Doka da ke tunanin sayen sabon keken ɗinki ko yi wa shago silin, tambayar da ke gabansa irin wannan ce, ƙanƙanta kawai ta yi.

A nan ne jadawalin kwamfuta yake shigowa, wato irin su Excel da Google Sheets. Shafi ne mai layuka a kwance da a tsaye, sun haɗu sun ba da gidaje, kamar dai yadda ake zana hatimi, sai dai kowane gida yana iya ɗaukar rubutu ko lamba ko lissafi. Ba sabon abu ba ne: na farkonsu da ya shahara, VisiCalc, ya fito a 1979, Excel ya biyo baya a 1985, Google Sheets kuma a 2006, kuma yau ana buɗe shi kyauta a wayar hannu. Sirrin amfaninsa ga batunmu shi ne, a wurinsa kwanan wata lamba ce kawai. Excel yana ƙirga kwanaki ne daga 1 ga Janairu 1900, ta yadda 1 ga Janairu 2025 a cikinsa ita ce 45658. Tunda lamba ce, ana iya tarawa da ɗebewa, a ce masa kwana nawa ya rage daga yau zuwa rana kaza, ya bayar da amsa nan take, gobe kuma ya rage ɗaya da kansa.

Tsarin da nake ba da shawara ba shi da wuya. Kowace yarjejeniya ta samu layinta guda a kwance: hayar shago layi ɗaya, inshorar mota layi ɗaya, lasin tuƙi layi ɗaya. A gidajen farko a rubuta mene ne abin, da wa aka ƙulla, ranar da ya fara, da tsawonsa a watanni. Ranar cika kada a lissafa ta da ka. Akwai umarni mai suna EDATE da ke ƙara watanni a kan kwanan wata, sai a ɗebe kwana ɗaya daga abin da ya bayar, domin hayar da ta fara 1 ga Maris tana ƙarewa ne ranar ƙarshe ta Fabrairu. Gida na gaba shi ne mafi muhimmanci: kwana nawa ake buƙata na shiri. Wannan hukunci ne na mai abin, kwamfuta ba za ta yanke masa ba. Inshorar mota mako biyu ya isa. Fasfo wata bakwai ko takwas. Hayar shago, a ganina, kada ta gaza wata bakwai, don a samu wata guda na sallama da zama kafin lokacin notis ya kure. Idan aka ɗebe waɗannan kwanaki daga ranar cika, ranar shawara ta fito. Daga ita sai a ɗebe ranar yau, wadda umarnin TODAY yake kawowa, a samu kwanakin da suka rage. Sai a jera jadawalin gaba ɗaya bisa wannan gida, mafi kusa a sama, a kuma sa shi ya riƙa rina layin ja idan saura kwana talatin, ruwan ɗorawa idan saura casa'in.

Ina ƙara gida biyu da mutane suka cika mantawa. Na ɗaya, nawa aka biya a sabuntawar da ta wuce, domin farashi ba ya tsayawa. Inshorar ƙananan motoci na gida, irin wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani, ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 tun daga Janairun 2023, kuma daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka sanar da tsananta bincikenta a kan hanya. Na biyu, sunan wanda alhakin sabuntawar yake wuyansa. A gidan da 'yan'uwa biyar suka gaji shaguna, abin da yake na kowa shi ne wanda babu mai yi.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi, kuma na'urori da yawa da saitin Amurka suke zuwa. Ka rubuta 3/4/2026 kana nufin 3 ga Afrilu, na'urar ta ɗauke shi 4 ga Maris. Wannan da sauƙi, tunda gaba ta kawo ranar. Amma ka rubuta 4/9 kana nufin 4 ga Satumba ta karanta 9 ga Afrilu, ko ka rubuta 2/11 kana nufin Nuwamba ta mayar da shi Fabrairu, lissafin duka ya rushe ba tare da ta yi maka gargaɗi ba. Maganinsa a sa jadawalin ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, ido ya gani ya tabbatar. A kuma lura: kwanan watan da na'ura ta gane yakan jingina a gefen dama na gidansa, wanda ta ɗauka rubutu ne kawai yakan tsaya a hagu, kuma irin wannan ba ya shiga lissafi. Yarjejeniyar da aka ƙulla da watan Musulunci kuwa, a rubuta ta yadda take a gida guda, a kawo kwatankwacinta na Miladiyya a gida na kusa, a bar ratar kwana ɗaya ko biyu, tunda tsayuwar wata sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar. Kuma duk shekara sai an sake wannan lissafi da hannu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina tallar kwamfuta ne. Jadawali ba ya kiran mai shi. Kamfanin Microsoft, wanda shi ne ya ƙera Excel ɗin, a watan Disambar 1999 ya bari rajistar wani adireshinsa na intanet ta mutu saboda Dala 35, har masu amfani da Hotmail suka kasa shiga akwatinsu, sai wani masanin kwamfuta da ba ma'aikacinsu ba ne ya biya musu daga aljihunsa. Idan haka ta faru da masu abin, ina ga wanda ya buɗe jadawali sau ɗaya ya rufe? Dole a yanka ranar dubawa, ko Juma'a bayan an sauko daga masallaci ko safiyar Asabar, a kuma ɗauki kowace ranar shawara a sa ta a kalandar waya mai ƙararrawa. Dole mutum na biyu ya san da shi, mata ko babban ɗa ko amintaccen ɗan'uwa, in ba haka ba an dai ciro ranakun daga kan mai gida an kulle su a wayar da babu wanda ya san lambar buɗe ta. A buga shi a takarda duk bayan wata uku a ajiye tare da rasitai, saboda waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Lambobin sirri na banki da BVN ba su da gurbi a ciki, musamman ga wanda a shagon buga takardu za a shirya masa.

Kuma gaskiya ita ce, mai yarjejeniya uku ko huɗu ba ya buƙatar kwamfuta. Littafin makaranta mai shafi goma sha biyu, kowane wata da shafinsa, a rubuta ranar shawara a watan da ta faɗo, ya wadatar. Jadawalin kwamfuta yana nuna ƙarfinsa ne a hannun wakilin da ke kula da shaguna ashirin, ko mai motoci biyar a tasha, ko kwamitin masallacin da ke da shagunan waƙafi, ko wasiyyin da ke riƙe da dukiyar marayu, wanda wata rana zai tsaya ya ba da bayani.

Mu da muke koyarwa a jami'a mun ga yadda wa'adi yake tafiya ba ruwansa da halin da ake ciki. A yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ɗalibai suna gida wata takwas, hayar ɗakunansu a Samaru da Kongo tana ta ƙirgawa. Waɗannan ɗalibai, da 'yan sakandare irin na Alhudahuda da ke nan kusa da ƙofar, su ne za su iya wannan aiki a zama ɗaya. Yaron da ya iya jera sakamakon jarrabawa a Excel ya iya jera wa mahaifinsa ranakun haya. Abin da yake buƙata shi ne mahaifin ya yarda ya zauna da shi, ya fito da jakar takardu.

A wannan zama ne za a ci karo da matsala ta gaskiya, domin gidan ranar farawa ba ya karɓar “bayan Sallah”. Layuka da yawa za su tsaya babu rana, kuma kowannensu yana nufin akwai wanda ya kamata a je a yi wa sallama. A je tun babu rigima, da dattijo ɗaya ko biyu. Idan an kasa tuna ainihin ranar shiga, a yafi juna a kan abin da ya wuce, a tsayar da sabuwar rana daga biya na gaba. A faɗa a fili da wace kalanda za a riƙa ƙirgawa, ta Hijira ko ta Miladiyya, da wata nawa ne notis idan ɗaya yana son rabuwa, da kuma lokacin da za a sanar idan akwai ƙarin kuɗi. A rubuta wannan ko a bayan rasit ne, mai shago da ɗan haya da shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Sannan a ɗauki hoton takardar da waya, a rubuta a gida na ƙarshe na jadawalin inda aka ajiye ta asalin.